Kalilu, Shugaban Masu Kunne

Langa-langa ɗaya ne ya raba rumfata ta ɗinki da rumfar Kalilu a kasuwar Sabon Birni. Mun fi shekara goma sha uku muna maƙwabtaka, kuma a duk tsawon wannan lokaci sau ɗaya tak na taɓa zuwa kallon kiɗan Sodangi da ƙafata. Amma da wuya a sami wasan da ya yi wanda ban ji ba, wasu ma na ji su sau hamsin, don langa-langa ba ya tare sauti, Kalilu kuwa bai taɓa sanin rediyo yana da wurin rage murya ba.

Gyaran rediyo ya gada wurin mahaifinsa. Da waya ta zo ta kashe sana'ar, sai ya sayi ƙaramin janareta da tsohuwar kwamfuta, ya koma cajin waya da tura wa mutane waƙoƙi a memori. Siririn mutum ne mai yawan tsafta. Ba ya shan taba, ba ya cin goro, ba ya kallon ƙwallo. Matarsa Bara'atu ta daɗe tana gaya wa danginta cewa ta yi sa'ar miji marar jaraba ko ɗaya. Ta yi saurin faɗa.

A shekarar 2011 aka gayyace shi bikin wani abokinsa a Bafarawa, kuma a can ya fara ganin Sodangi. Shi Sodangi mutumin Isa ne. Yana saurayi ya yi dakon kaya a Maraɗi, a can ya koyi kaɗa jita, ya dawo gida da ita a bayansa, ya tara mutum uku: mai kalangu, mai ganga da mai fiyano. A jikin sifikarsu an rubuta Taurarin Gobir da shuɗin fenti, amma babu mai kiransu haka. 'Yan Sai-an-gaji kowa yake ce musu.

Ba su da waƙa ko ɗaya tasu. Abin da duk ke tashe, waƙar fim ce, ko ta mawaƙan Nijar, ko tsohuwar waƙar noma ta zamanin kakanninmu, sai su ɗauka. Waƙar da mai ita ya rera cikin minti biyar ya tafi harkar gabansa, Sodangi zai kama ta ya yi baiti biyu, daga nan ya sake ta ya shiga daji da jitarsa. Mai kalangu ya bi shi, mai ganga ya bi mai kalangu, mai fiyano ya biyo baya yana neman inda suka yi. Bayan minti arba'in, idan sun tuna, sai su dawo su ƙarasa baiti na uku. Masu biki suna son su don dalili ɗaya: in ka ɗauko su, ba ka buƙatar neman wani abin da zai cika yinin.

Ranar nan a Bafarawa, da aka shiga dajin, jama'a suka watse neman abinci. Kalilu ya tsaya har ƙarshe da yunwarsa. Washegari ya leƙo rumfata, idonsa kamar na wanda ya dawo daga doguwar tafiya.

"Alhassan, jiya na ji abin da kunnena bai taɓa ji ba."

"Waƙar wa anka yi?"

Ya faɗi sunanta. Na ce masa ai wannan tana cikin kwamfutarsa, shekaranjiya ma a gabana ya tura wa mutum uku ita.

"Waccan gangar jiki ta kawai," in ji shi. "Sodangi yas sa mata rai."

Ban ɗauki maganar da muhimmanci ba. Kuskurena ke nan.

Cikin wata guda ya sayi ƙaramar rikoda, ya gyara tsohon babur ɗin mahaifinsa. Duk inda aka ce Sodangi zai yi wasa, Isa ne, Kurawa ne, Gatawa ne, sai ya rufe rumfa da wayoyin mutane a ciki ya kama hanya. Masu wayoyin su zo su tsaya a kaina, kamar ni na aike shi. Ba ya jiran gayyata. Dangin ango su ɗauka na gidan amarya ne, dangin amarya su ɗauka na ango ne, a ba shi tabarma da kwanon shinkafa. Ina da tabbacin babu mutumin da ya fi shi fitowa a hotunan bikin mutanen da bai sani ba a ƙananan hukumomin nan biyu.

Kowane wasa ya naɗo, sai ya zuba a kwamfuta, ya sa masa sunan gari da shekara. Daga nan ya fara kunna wa mutane ko ba su nema ba. Mafi yawa suna karɓar wayarsu su gudu. Amma a hankali aka sami waɗanda suka zauna, har suka kai mutum goma sha ɗaya, suka mai da gindin bishiyar dogon yaron da ke gaban rumfunanmu wurin zamansu. Suka sa wa kansu suna masu kunne. Sauran al'ummar duniya, wato mu da muke jin kiɗa mu ji daɗi ko mu tashi mu taka, sunanmu masu ƙafa.

Majalisar tana da dokoki, kuma Kalilu ne ya kafa su duka. Mai kunne ba ya rawa. Zai tsaya ya harɗe hannu, ya rufe ido, ya riƙa gyaɗa kai a hankali kamar wanda ake gaya wa labarin rasuwar wani da bai sani ba sosai. Mai kunne ba ya cewa a yi masa waƙa kaza, wannan halin ƙauyawa ne, ko da yake duk cikinsu babu wanda ba a ƙauye aka yanke masa cibiya ba. Girma a majalisa ba da shekaru ake samunsa ba, da yawan wasan da mutum ya halarta ne da ƙafarsa, jin na rikoda ba ya shiga lissafi. Shi ya sa za ka ga dattijo mai furfura yana tashi ya ba ɗan kabu-kabu benci. Suna da alama kuma, jan hankici da suke ɗaurawa a wuyan hannu. Ni na ɗinka musu, da ragowar yadin labulen wata amarya.

Mataimakin Kalilu shi ne Zayyanu, malamin firamare, mai son dogon bayani. Su biyun suna ƙaunar juna irin ƙaunar da ake yi tsakanin shugaba da mataimakinsa, wato kowa yana jiran ɗan'uwansa ya yi kuskure. Abin da ya fi haɗa su faɗa shi ne wanda suke kira Shirun Kurawa.

A damina ta 2015 aka yi shi, a wani bikin suna. Ana tsakiyar wata waƙar soyayya ta fim sai Sodangi, yana zaune a kan benci, ya daina komai. Tsirkiya ɗaya ya bari, yana taɓa ta a hankali, tin, a jira, tin. Ya kafa wa ƙasa ido, gumi yana bin fuskarsa. Makaɗan suka ga maigida ya yi haka, su ma suka ɗauke hannu. Minti tara ana wannan abu. Can sai ya yi wata ƙara, ya daka tsalle ya hau kan bencin, ya saki kiɗa da gudun da ba a taɓa jin ya yi ba.

Kalilu yana wurin. Zayyanu ba ya nan, don ranar matarsa Lailatu take naƙuda, uzurin da majalisa ta saurara amma ba ta karɓa ba. Kalilu ya ce shirun nan kaɗaicin ɗan Adam ne a cikin kabari, tsallen kuma tashin alƙiyama. Zayyanu ya ce a'a, manomi ne yake jiran ruwan farko. Shekara takwas suna wannan gardama a bakin rumfata, kuma duk lokacin da aka taso da ita sai an kunna minti taran nan a matsayin hujja. Na ɗinka riguna da yawa da tin, a jira, tin.

Da hanyoyinmu suka lalace da 'yan bindiga, aka daina kiɗan dare gaba ɗaya. Bayan azahar ake farawa, a tashi kafin magariba kowa ya nemi gida. Mutane da yawa suka daina zuwa bikin da ba na dole ba. Kalilu ya ajiye babur ya koma bin motocin 'yan kasuwa, amma bai fasa ba. Wata rana na je gidansa karɓar almakashina da ya ara, na tarar Bara'atu tana yi masa magana daga bakin ɗaki, shi kuma yana sa sabon batir a rikoda.

"Baban Nusaiba, mutane na baro wajen nan suna tahowa gari, kai kana tahiya can. Don mi? Don ka ji waƙad da ke cikin wayata?"

"Ba ita ba ta."

"Sunanta ɗaya."

"Suna ɗaya, waƙa daban. Ke ba ki ganewa."

"Na gane. In ka iske sun hwara, ka ce su jira ni, in na gama aurad da Nusaiba ina nan tahe. Na san ban iske sun ƙare ba."

Nusaiba 'yarsu a lokacin tana aji biyu a sakandare.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a duk shekarun nan Kalilu bai taɓa yi wa Sodangi magana ba. Ya halarci wasansa fiye da ɗari uku, ya san ranar da ya canza tsirkiya, ya san ranar da mura ta kama shi, amma ko sannu bai taɓa ce masa ba. In an tashi sai ya tsaya nesa yana kallon ana naɗe wayoyi. Na tambaye shi dalili, ya ce ba a katse wa irin waɗannan mutane tunani.

To, wata safiya da hantsi, a farkon 2023, wani dattijo ya tsaya a bakin rumfata. Gajere ne, rigarsa ta koɗe, yana riƙe da leda da gurasa a ciki. Ya yi sallama ya tambayi inda Kalilu mai caji yake. Na nuna masa da almakashi. Sai na ji wani abu ya faɗi a rumfar maƙwabcina, ashe kujera ce, Kalilu ya miƙe da ita.

"An ce kai na Kalilu," in ji dattijon.

"Ni na, Baba. Ranka shi daɗe. Ni na."

Ya goge benci da hularsa, ya ruga da kansa ya sayo fura, ya dawo ya durƙusa a gefe. Ashe Sodangi ne da kansa. Kafin ya sha rabin furar labari ya zaga kasuwa, masu kunne suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Zayyanu ya baro 'yan aji huɗu da aikin lissafi a allo. Suka zauna suka kewaye shi. Don a girmama baƙo, Kalilu ya tashi ya kunna masa Shirun Kurawa.

Sodangi ya saurara da kofin fura a hannu. Bayan kamar minti biyu ya ce, "Wanga ina na?"

"Kurawa, Baba. Sunan ɗan Alhaji Marwan mai taki."

Dattijon ya ajiye kofin, ya fara dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ranar macijin nan ta. Kububuwa tat taho ta ƙarƙashin benci tak kwanta bisa ƙahwata. In na motsa ta sare ni, in na bar kiɗi mutane su taso su firgita ta. Shi na nir riƙa taɓa tsirkiya guda ina karanta duk addu'ad da nis sani. Da tas sauka nih haye benci."

Daga rikoda ana ta jin tin, a jira, tin. Ni dai na sunkuyar da kai ina neman wani zare da ban yar ba.

Kalilu ne ya fara magana, cikin ladabi sosai.

"Baba, shekaru sun yi nisa. Ka manta dai."

"Ƙahwata ta hwa."

"Awo, Baba. Amma mai yin abu ba kullum shi ka sanin abin da yay yi ba. Mu da munka saurara mun hi ka sani."

Zayyanu ya gyaɗa kai. Wannan ne karo na farko da na ga sun yarda da juna a kan Kurawa.

Sodangi ya dube su ɗaya bayan ɗaya, bai ja maganar ba. Ya ce ba wannan ya kawo shi ba. Matarsa Safiyatu ta rasu da kaka. Shekara talatin da huɗu suna tare, kuma duk ranar da ya dawo daga wasa tambayarta ɗaya ce, yaushe zai yi tasa waƙar ya bar ta mutane. Kullum yana ce mata sai an huta. Bayan an yi arba'in ɗinta ya zauna ya haɗa ɗaya. Bai rera wa kowa ba, ko makaɗansa. An gaya masa akwai mutum a Sabon Birni da ya fi kowa sanin kiɗansa, shi ya sa ya shigo mota ya zo a fara ji.

Ya gyara murya ya rera, babu jita babu komai, yana ɗan buga gwiwarsa da yatsu. Ba wata waƙa mai kwalliya ba ce. Yadda take rufe masa tuwo da faifai ta ɗora dutse don kada kaji su buɗe. Yadda take rera waƙoƙinsa a karkace da gangan don ya yi fushi ya gyara mata. Yadda har yanzu in ya shigo gida yake yin gyaran murya a zaure, sannan ya tuna babu wadda za ta ji. Na tsayar da kekena tun baiti na farko. Mai shayin da ke tsallaken hanya ya tsaya da buta a hannu. Minti huɗu, ya kai ƙarshe, ya yi shiru.

Kalilu ya jira. Da ya ga babu ƙari sai ya ce, "Ina sauran, Baba?"

"Ta ƙare."

"Nan take?"

"Abin da ni ka son hwaɗi ke nan, na hwaɗe shi."

Kalilu ya dubi jan hankicin hannunsa, ya juya shi sau biyu. Na san shi, ba mugun mutum ba ne, kuma na ga yadda maganar take yi masa nauyi. Amma ya faɗe ta.

"Allah shi jiƙan Inna, shi sa ta huta. Amma Baba, yin waƙa aikin kowa na. Yaran Kano na yin goma a wata. Kai Allah bai yi ka don wanga ba. Kai mai ɗaukar ta wani na ka kai ta inda mai ita bai san akwai ba. Wagga ta yi gajarta, kuma kowa na iya gane ta."

"Laihi na a gane ta?"

"Masu ƙahwa za su so ta, Baba."

Sodangi ya shanye sauran furarsa, ya yi godiya, ya ɗauki ledar gurasarsa. Kalilu ya raka shi har tasha yana tafe a bayansa da taku biyu. Da ya dawo ya ce mini ya yi abin da ya wajaba a kansa.

Mako uku bayan haka Sodangi ya rera waƙar a wani biki a Isa. Masu kunne suna wurin a jere. Da Kalilu ya ji an ɗauko ta, sai ya yi abin da bai taɓa yi ba cikin shekara goma sha biyu: ya kashe rikoda, ya sa a aljihu, ya fita daga filin. Mutum tara suka bi shi. Zayyanu ya tsaya, wai takalminsa ne ya tsinke. A bayansu mata suna kuka suna rawa lokaci guda, aka sa Sodangi ya maimaita ta sau huɗu.

Hasashen Kalilu ya tabbata, masu ƙafa sun so ta. Kafin wata ya ƙare tana cikin wayar kowane ɗan kabu-kabu daga Isa har bakin iyaka. Majalisa ta yi zaman gaggawa a gindin dogon yaro, aka yanke hukunci cewa Sodangi biyu ne, na da da na yanzu, kuma na da kawai suka sani. Zayyanu ya ce shi dai a ganinsa waƙar ba ta da laifi. Aka nemi ya ajiye hankici. Ya kwance ya ɗora a kan benci, ya yi jawabin bankwana na kusan rabin awa, ya tafi.

Sai matsalar sana'a ta taso. Duk wanda ya zo turi, waƙar Safiyatu yake nema. Mutumin da ke da kowane tari da Sodangi ya yi tun 2011 ba shi da waƙa ɗaya da mutane ke so, don da hannunsa ya kashe rikoda. Suka koma wurin wani mai turi a bakin tasha. Ya daure wata biyu. Daga ƙarshe ya karɓi wayar Nusaiba ya kwafa daga ciki, wadda wata mata ta naɗa a bikin Isa, ana jin kukan jaririnta a baya daga farko har ƙarshe. Yana tura wa mutane, amma sai ya haɗa musu da nasiha, kuma ya cusa musu Bafarawa 2011 a memori ba tare da sun sani ba.

Wata bakwai bai je wasa ba. Ya daina kunna tsofaffin ma. Ni na sami zaman lafiyar da na daɗe ina roƙo, har na yi ƙiba. Shi kuwa ya rame. Ranar da duk aka ce ana biki a wani gari, sai ya zauna ya kwance wata matacciyar rediyo ya sake ɗaure ta. A gida, in ji matata Jamilatu wadda ta ji daga bakin Bara'atu, ya koma sa ido a kan yawan gishirin miya da yadda ake jera takalma a bakin ƙofa. Matar da ta yi shekara goma sha biyu tana roƙon mijinta ya zauna gida ta gano ba haka take nufi ba.

Ita ta nemo mafita. Ƙanenta zai yi aure a nan Sabon Birni bayan girbi, ta tsaya kai da fata sai an ɗauko Sodangi. Bikin ƙanen matarka kuwa ba a ƙaurace masa don saɓanin ra'ayi a kan kiɗa. Ta kuma aika wa Sodangi saƙo ta bakin direban da ke ɗaukar musu kaya. Ban san duk abin da ta ce ba, amma direban ya gaya mini ƙarshensa: ya taimaka ya raba ta da wannan mutum ko da yini ɗaya ne a mako.

Wannan shi ne wasan da na je da ƙafata, don ni na ɗinka kayan ango. Bayan la'asar aka fara, fili ya cika maƙil, yawanci mata, kowa waƙa ɗaya yake jira. Kalilu yana can baya wajen janareta, ya ba fili rabin baya, yana duba wata waya da babu abin da ya same ta. Sodangi ya zauna, ya ɗaura jita, ya ɗaga kai yana duban jama'a har idonsa ya kai wajen janaretan. Sannan ya ɗauko waƙar Safiyatu.

Mata suka yi guɗa suka cika fili. Ya yi baiti na ɗaya, suna amsawa. Ya yi na biyu. Suka ɗaga hannu suna jiran na uku, wanda kowa ya fi so, na gyaran murya a zaure. Sai ya sunkuyar da kai ya shiga daji.

Minti biyar suna tsaye da hannu a sama. Minti goma aka fara duban juna. Zuwa minti ashirin wasu sun zauna, wasu sun tafi wajen rabon shinkafa. Uwar ango ta aiko a tambaya ko wani abu ya lalace ne, mai ganga ya ce mata lafiya lau, yanzu aka fara. Ni ina kallon Kalilu. Ya bar wayar da yake dubawa. Ya matso taku uku ya tsaya. Ya ƙara biyar. Da ya iso gaba sai ya sa hannu a aljihu ya fito da jan hankici, ya sa ɗaya hannun ya fito da rikoda. Mutumin da ya zo biki a kan dole, da sabon batir ya zo. Sauran masu kunne suka fito daga inda suka raɓe suka jeru a bayansa, Zayyanu a can ƙarshe, hannunsa babu komai.

Ba za ni yi ƙarya ba, mafi yawan abin da aka yi a wannan awa guda da minti goma ban gane shi ba, kuma ƙafata ta yi sanyi. Amma akwai wani wuri can tsakiya da makaɗan suka yi ƙasa da hannu, jitar ta riƙa maimaita ɗan guntun amshin nan a hankali, tana karkata shi kamar mai rerawa ba daidai ba da gangan, sannan ta gyara, ta sake karkatawa. Na dubi Sodangi na ga bakinsa yana motsi. Rana ta yi ja kafin ya dawo ya rera baiti na uku a gaban mutanen da ba su kai ashirin ba.

Ana naɗe wayoyi ya yafito Kalilu da hannu.

"To, Malam Kalilu. Ƙaƙa kaj ji?"

Kalilu ya share fuska da hankicin, ya yi ɗan tunani.

"Ta hwara zama waƙa, Baba. Amma ka yi gaggawar komowa."

"Magariba ta yi."

"Shi ke nan. A gyara gaba."

Uwar ango ba ta yi wa Bara'atu magana ba har aka kai amarya.

Tun daga ranar Sodangi yake yin waƙar iri biyu. In ya duba bai ga jan hankici ba, minti huɗu ya sallami jama'a. In ya gani, to, masu abinci su ɗora wata tukunyar. An mai da Zayyanu majalisa, da sharaɗin a fara ƙirga masa wasanni daga ɗaya, don haka yanzu shi ke tashi ya ba kowa benci. Maganar maciji kuwa an hana tayar da ita.

Kalilu ya haura hamsin yanzu. Kunnensa na hagu ya daina ji, likita ya ce tsayuwa kusa da sifika ce, ya kuma gargaɗe shi ya nisance ta. Ya bi shawarar gwargwadon fahimtarsa, ya koma tsayawa ta ɗaya gefen. Masu biki sun gane shi, ba a ƙara ɗaukarsa dangin ango. Wasu ma sukan aiko tun da wuri. Jiya wani mai aurar da 'ya a Kurawa ya turo ƙanensa takanas, ya gaishe shi da girmamawa, ya ce don Allah in da hali ya yi zamansa, tsofaffi za su zo daga nesa kuma suna so su koma da rana. Kalilu ya saurare shi da kunnen hagu, ya yi masa addu'ar Allah Ya sa albarka.

Da mutumin ya tafi sai ya zagayo rumfata da farar rigarsa a hannu. Aljihun dama ya yage, nauyin rikoda ne. Ya ce in sa masa ƙyalle biyu a ciki, kuma in gama kafin Juma'a.